Abin da ke sa ɗalibin jami'a ya duƙufa ga karatu, da abin da ke sanyaya masa gwiwa

Duk shekara, da an bayyana sakamakon jarrabawar bakaloriya, dubban matasa ke tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda domin yin rajista a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wasu kuma su nufi jami'o'in Damagaram, Maradi da Tawa da aka kafa a 2010, ko na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi da suka biyo baya a 2014. Kafin zangon farko ya ƙare, akan ga bambanci a tsakaninsu. Akwai mai sammako ya kama wuri a gaban babban ɗakin karatun da ɗalibai ke kira anfi, akwai mai zuwa ya zauna can baya hankalinsa na kan salula, akwai kuma wanda sunansa ne kawai ya rage a takardar rajista. Iyaye da malamai kan ce lalaci ne ko rashin tarbiyya. Masana halayyar ɗan Adam da suka shafe shekaru sama da 40 suna nazarin lamarin sun gano cewa himmar ɗalibi tana hawa tana sauka ne gwargwadon amsar da zuciyarsa ke ba wasu tambayoyi: shin zan iya, shin wurin nan nawa ne, shin wahalar da nake sha za ta kai ni wani wuri? Yanayin jami'a ne ke tsara yawancin amsoshin, kuma a ƙasashen Sahel yanayin na da nasa nauyi.

Me ake nufi da duƙufa

Kalmar da masu bincike ke amfani da ita a Faransanci ita ce engagement. A 1984 Ba'amurke Alexander Astin ya fassara ta da yawan ƙarfin jiki da na zuciya da ɗalibi ke zubawa a harkar karatunsa. Shekaru 20 bayan haka, Jennifer Fredricks da abokan aikinta biyu suka raba ta gida uku. Na farko shi ne abin da ido ke gani, wato halartar darasi da yin aikin da aka bayar. Na biyu abin da ke zuciya, sha'awa ko gundura, ƙaunar wurin ko ƙinsa. Na uku aikin ƙwaƙwalwa, wato ko ɗalibi na ƙoƙarin fahimta ko kuwa yana kwashe kalmomi ne kawai.

Rabon na da amfani, domin na farkon kan yaudari mutum. Ɗalibin da bai taɓa fashin darasi ba, ya kwafe duk abin da malami ya faɗa, ya haddace takardun da aka buga kwana uku kafin jarrabawa, ana iya yaba masa da himma alhali bai taɓa tambayar kansa ma'anar abin da ya haddace ba. Wani kuma yakan yi fashi saboda ba shi da kuɗin mota, amma da dare yana fafatawa da littafin. Rajistar halarta ba ta bambanta su.

Shekarar baƙunta

Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Alain Coulon, ya bibiyi sababbin ɗalibai a Jami'ar Paris 8, ya wallafa littafinsa Le métier d'étudiant a 1997. Abin da ya ce shi ne zama ɗalibin jami'a sana'a ce da ake koyo, kuma ba wanda ke koyar da ita a fili. Sabon shiga kan ratsa matakai uku: lokacin baƙunta, lokacin koyon dokokin wurin, sannan lokacin da ya zama ɗan gida. Akasarin waɗanda ke faɗuwa ko su bari a shekarar farko, a ganinsa, ba su kai mataki na uku ba ne.

Wanda ya san jami'o'in yankin nan ba zai sha wahalar gane wannan ba. Yaron da ya fito daga makarantar lise a Tasawa ko Dogon Dutsi ya saba da aji inda malami ya san sunansa, ya san ma mahaifinsa. Sai ya tsinci kansa cikin ɗaruruwan mutane, malami na magana ta lasifika, babu mai tambayar ko ya zo ko bai zo ba. Ga tsarin LMD da ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007: lisansi shekara uku, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimilla 180. Akwai ƙa'idar yadda makin wani darasi ke rufa wa wani asiri, akwai jarrabawar cike giɓi, akwai wucewa aji na gaba da bashin kiredi. Duk wannan a rubuce yake wani wuri, amma yawancin sababbi daga bakin ƴan gaba da su suke jin sa, wani lokaci a karkace.

Harshe ma na cikin baƙuntar. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma karatun jami'o'in gwamnati da Faransanci ake yin sa. Ɗalibin da ya tashi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Tamashek a gida yana iya rubuta Faransanci mai kyau, amma ɗaga hannu ya yi tambaya a gaban mutum ɗari biyar wani abu ne daban. Tsoron kada a yi masa dariya kan kuskuren nahawu ya isa ya rufe masa baki shekara guda cur, kuma malami zai ɗauka shirun nan alama ce ta an gane.

Vincent Tinto, wanda nazarinsa na 1975 kan barin jami'a ya zama madogara a fagen, ya nuna cewa ɗalibi na tsayawa ne idan ya saje ta fuska biyu, ta karatu da ta zaman jama'a. Gregory Walton da Geoffrey Cohen sun gwada abin a aikace a wata jami'ar Amurka. Sun ba sababbin ɗalibai bayanan ƴan gaba da su da ke cewa kowa ya ji kaɗaici da shakkar kansa da farko, kuma abin ya wuce da lokaci. Daga nan suka sa su rubuta irin wannan saƙo ga masu zuwa bayansu. Zaman bai fi kimanin awa guda ba. Sakamakon da suka buga a mujallar Science a 2011 ya nuna cewa cikin shekara uku makin ɗalibai baƙar fata da suka yi zaman ya ƙaru, har tazarar da ke tsakaninsu da fararen fata ta ragu da kusan rabi. Ɗaliban da aka yi gwajin da su ba su kai ɗari ba, don haka a yi hattara da yawan kambama shi. Abin da ya koyar dai a fili yake: wanda ya ɗauki wahalar farko a matsayin abin da ke samun kowa yakan daure, wanda ya ɗauke ta a matsayin shaidar cewa shi ba ɗan wurin ba ne yakan janye jiki.

A Yamai da sauran garuruwa, ƙungiyoyin ƴan asalin jaha ko gari ɗaya, ƴan masallaci ko majami'a, da fadar shan shayi su ne ke yin wannan aikin ba tare da an ɗora musu ba. Su ke tarbar baƙo a tasha, su nemo masa katifa, su nuna masa inda ake liƙa sakamako. Illar kawai ita ce ƙungiyar da ta karɓi mutum ita ke gaya masa abin da ya dace a yi da yini. Idan fadar masu bitar darasi ce ya dace, idan ta masu karta ce har asuba, ya samu ƴan uwa ya rasa karatu.

Zan iya kuwa?

A 1977 Albert Bandura ya gabatar da ra'ayin da ya fi kowane tasiri a wannan fage: imanin mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki. Wannan ya sha bamban da girman kai ko yabon kai. Ɗaliba na iya yarda da kanta a darasin tarihi ta kuma firgita da ƙididdiga. Wani babban nazari da Michelle Richardson da abokanta suka buga a 2012, wanda ya tattara binciken shekara 13 kan ɗaliban jami'a, ya gano cewa cikin halaye kimanin 50 da aka auna, wannan imanin ne ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da makin da ɗalibi ke samu.

Bandura ya ce daga wurare huɗu yake fitowa, kuma mafi ƙarfinsu shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa. Sai ganin wani irinsa ya yi nasara, sai kalmar wanda ake girmamawa, sai yanayin jiki lokacin aikin, kamar bugun zuciya da gumin hannu a ɗakin jarrabawa. A nan ne tsarin manyan anfi ke yin ɓarna a ɓoye. Idan jarrabawa ɗaya ce tal a ƙarshen zango, ɗalibi zai yi watanni bai samu ko ƙaramar nasara da zai dafa ba. Labarin farko da zai ji game da iyawarsa shi ne lamba a jikin allo, 6 ko 7 bisa 20, ba tare da ya ga takardarsa ba balle ya san inda ya kauce.

Abin da zai yi da wannan lambar ya danganta ga dalilin da ya ba ta. Bernard Weiner ya nuna cewa mutane kan jingina faɗuwa ga abin da ke cikinsu ko wajensu, mai sauyawa ko tsayayye, wanda suke da iko a kai ko wanda ba su da shi. Mai cewa "ban yi bita yadda ya kamata ba" yana da abin gyarawa. Mai cewa "ba ni da kan lissafi" da mai cewa "malamin nan ba ya ba kowa 10" duk sun rufe ƙofa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Kalmar rabo kuma kaifi biyu gare ta. Takan kwantar da hankalin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya faɗi, ta ba shi ƙarfin sake zama, takan kuma zama mafakar wanda bai buɗe littafi ba.

Carol Dweck ta yi suna da ra'ayin cewa masu ɗaukar basira a matsayin abin da ke ƙaruwa da aiki sun fi jure faɗuwa. Littafinta na 2006 ya bazu duniya, sai dai nazarce-nazarcen da suka biyo baya, musamman wanda aka tattara a 2018, sun nuna tasirin koyar da wannan tunani ƙarami ne, kuma ya fi bayyana ga ɗalibai masu rauni ko ƴaƴan talakawa. Gaya wa mutum cewa ƙoƙari na biya ba ya wadatarwa idan wurin da yake ciki na nuna masa akasin haka kullum.

Shekarar da ba a san ƙarshenta ba

Wannan shi ne ɓangaren da littattafan Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kai ba, domin a can ranar buɗe jami'a da ranar jarrabawa sanannu ne tun shekara guda kafin su zo. Malamin Kanada Rolland Viau, wanda ake karantawa sosai a makarantun horar da malamai masu amfani da Faransanci, ya ce himma na tsaye kan duwatsun murhu uku: darajar da ɗalibi ke ba aikin, yadda yake ganin iyawarsa, da yadda yake ganin yana da iko kan tafiyar abin. Dutse na uku ne ya fi girgiɗi a yankin nan.

A 1967 Martin Seligman da Steven Maier suka yi wani gwaji da karnuka. Waɗanda aka saba musu da azabar da ba su da hanyar tsayarwa, da aka kai su inda tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, da yawansu sai suka kwanta suna kuka ba su ko gwada ba. Daga baya an ga makamancin haka ga mutane, da aka gwada su da ƙara mai damuwa. Wanda ya daɗe yana ganin aikinsa ba ya sauya sakamako yakan daina gwadawa, ko da dama ta samu.

Ɗalibin da ya yi makonni uku yana bita, aka ɗage jarrabawa saboda yajin aiki, ya sake bita aka sake ɗagewa, yana koyon darasin da babu shi a manhaja: shiri tun da wuri asara ne. A karo na uku zai jira sai ya ga an raba takardu. Malamin da ya gan shi zai kira shi malalaci, alhali lissafi ya yi, kuma lissafin bai yi kuskure ba.

Jami'ar Yamai, wadda ta soma a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, ta sha fama da wannan. A shekarun 1990 an yi shekarun da aka soke ɗungurungum, abin da ake kira farar shekara. A 2018 da 2019 ƙungiyar malamai masu bincike ta SNECS ta yi ta jerin yajin aiki kan batun ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a riƙa yi ko gwamnati ce za ta naɗa su. Ɗalibai ma na da nasu ƙaurace wa azuzuwa kan kuɗin tallafi, wurin kwana da motocin sufuri. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da ya rage a ƙasa shi ne shekarun karatu da ke hawa kan juna, sababbin masu bakaloriya na jira ƴan gabansu su tashi daga kujera, lisansin shekara uku na cin huɗu ko biyar. Maƙwabta ma ba su tsira ba. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo ta Wagadugu ta yi shekaru tana fama da irin wannan cakuɗewar, a Najeriya yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, a Dakar kuma an rufe harabar Jami'ar Cheikh Anta Diop tun watan Yunin 2023 har farkon 2024.

Akwai wani abin lura. Himmar da ta rasa mafita a aji ba lalle ta mutu ba, takan sauya hanya. Ƙungiyar USN da aka kafa a 1960, da reshenta na jami'ar Yamai UENUN, sun daɗe suna ba matasa abin da anfi ya kasa ba su: a san sunanka, a saurari maganarka, ka ga matakin da ka ɗauka ya motsa magabata. Zanga-zangar 9 ga Fabrairun 1990, inda aka kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy, na cikin abubuwan da suka share fagen babban taron ƙasa na 1991. A 10 ga Afrilun 2017 ma wani ɗalibi ya rasa ransa a wata zanga-zangar, aka rufe harabar jami'ar na wani lokaci. Matashin da ke kwana yana shirya taron gangami ba za a ce ba shi da himma ba. Ya kai ta ne inda yake ganin tana da tasiri.

Aljihu da ƙwaƙwalwa

A 2013 Anandi Mani, Sendhil Mullainathan, Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka buga wani bincike kan manoman rake 464 a jahar Tamil Nadu ta Indiya. Sun yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, suka sake bayan an biya su kuɗin amfanin gona. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi. Bayanin masu binciken shi ne tunanin rashi na cinye wani kaso na hankali, ya bar kaɗan ga sauran ayyuka.

Ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafin karatu, wanda aka fi sani da burs, yana cikin irin halin manomin kafin girbi. A Nijar hukumar ANAB ce ke kula da shi, ana biya duk wata uku, kuma jinkirin biyan na cikin ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyoyin ɗalibai suka fi maimaitawa. Ba kowa ke samu ba ma. Ɗakunan kwana da gidan abinci na hukumomin CROU ba su isar kowa, don haka da yawa ke raɓawa gidan dangi, inda baƙo ba ya ƙin aike, ko su haɗa kuɗi su kama ɗaki su biyar. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, wuta ta ɗauke, barci ya gagara. Mai zaune a anfi yana lissafin jika biyun da ta rage masa har ƙarshen wata yana jin muryar malami, amma rabin kansa na wani wuri. Ƙaramin kuɗin da ke zuwa ranar da aka sani ya fi sauƙin tsara rayuwa a kai bisa ga mai yawa da ba a san ranarsa ba.

Karatun na wane ne

Edward Deci da Richard Ryan, a littafinsu na 1985, sun bambanta mai yin abu don yana jin daɗinsa ko ya yarda da amfaninsa, da mai yi don tsoro ko neman lada. Na farkon ya fi zurfafa karatu, ya fi daɗewa. Sun ce buƙatu uku ke ciyar da shi: mutum ya ji da yardarsa yake yi, ya ji yana iyawa, ya ji yana da alaƙa da mutanen wurin.

Batun yarda ya jawo gardama, domin a al'ummomi da dama ba mutum kaɗai ke zaɓa wa kansa ba. Sheena Iyengar da Mark Lepper sun gano a 1999 cewa yaran Amurka ƴan asalin Asiya sun fi himma a aikin da aka ce musu mahaifiyarsu ce ta zaɓa, saɓanin takwarorinsu fararen fata da suka fi son zaɓin kansu. Amsar su Deci ita ce abin dubawa shi ne ko mutum ya rungumi dalilin har zuciya, ko daga wa ya fito. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a nan. Yaron da shi ne na farko a gidansu da ya kai jami'a, wanda aka sayar da bisashe aka yi masa guzuri, yana iya ɗaukar burin iyayensa ya zama nasa, ya zame masa ƙarfi. Wani kuma nauyin ne ke danne shi, har ya ɓoye faɗuwarsa shekara biyu don kunyar komawa gari.

Wanda aka tura sashen da bai nema ba, don can ne ke da gurbi, yana farawa da giɓi. Haka wanda ke kallon yayansa mai lisansi ya gama hidimar ƙasa ta shekara biyu, ya koma koyarwar kwantaragi ko zaman jira. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a 2019 kan fadojin samari a Nijar da abin da su da kansu ke kira zaman kashe wando. Ɗalibin shekarar farko na wucewa ta gaban waɗannan fadoji kullum, kuma yana sane da cewa wasu mazaunansu na da takardar da yake wahala a kanta.

Ga ɗalibai mata akwai ƙarin lissafi. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke nuna kusan kashi 76 cikin 100 na mata na yin aure kafin shekara 18, wadda ta kai jami'a ta riga ta tsallake shingaye da yawa, kuma sau da dama takan zo da ƙudurin da ya fi na maza. Amma kowace shekarar da aka ƙara wa lisansi, ƙarin matsin lamba ce daga gida, kuma mai goyo ba ta iya jiran darasin da aka ɗage zuwa bayan magariba.

Damuwar da ba a faɗa

Wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2018, kan sababbin ɗalibai kusan 14,000 a jami'o'i 19 na ƙasashe takwas ciki har da Afirka ta Kudu, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku sun nuna alamun wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa cikin shekarar da ta gabata, akasari baƙin ciki mai tsanani da fargaba. Alamun kan yi kama da lalaci a idon mai kallo: yawan barci ko rashinsa, kasa tattara hankali, guje wa mutane. A wuraren da zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ke jawo a ce mutum ya taɓu, ɗalibi ya gwammace ya ce zazzaɓi ne ko ciwon kai. Abokin ɗaki ne kan fara lura, tun kafin malami ko iyaye.

Abin da ke hannun malami

Kalanda da burs na hannun gwamnati da ƙungiyoyi. Amma akwai abubuwan da aka tabbatar suna aiki ko a cikin cunkoso. Scott Freeman da abokansa sun tattara nazari 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci, suka buga a 2014: inda malami ke magana shi kaɗai daga farko har ƙarshe, kimanin kashi 34 cikin 100 ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin darasin kuwa kimanin kashi 22. Hanyar da Eric Mazur ya soma a darasin fiziya a Harvard farkon shekarun 1990 ba ta buƙatar na'ura. Malami ya tsaya bayan ƴan mintoci ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya amsa da ɗaga hannu, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake amsawa. A anfin Yamai ko Maradi, wannan muhawarar ta minti biyu da Hausa ko Zabarmanci za a yi ta, kuma mai jin nauyin Faransancinsa zai samu bakin magana.

Henry Roediger da Jeffrey Karpicke kuma sun nuna a 2006 cewa wanda ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda bisa ga wanda ya yi ta maimaita karantawa, duk da cewa mai maimaitawar ya fi jin kamar ya iya. Ƙananan gwaje-gwaje a tsakiyar zango, ko da ɗalibai ne za su gyara wa juna, na yin aiki biyu ke nan: suna ƙarfafa riƙo, suna kuma ba sabon shiga ƙaramar nasarar da Bandura ya ce ita ce tushe. Rukunonin bita da ɗalibai ke kafawa da kansu a ƙarƙashin itatuwa ko fitilun titi sun riga sun kama hanyar, musamman waɗanda ke warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya maimakon karanta wa juna takarda. A sassan da ake ba ƴan masta damar jagorantar irin waɗannan rukunoni, sabon ɗalibi na samun wanda ya fito daga gari irin nasu, ya zauna a kujerar da yake zaune shekara uku da suka wuce, ya kuma san ranar da ake karɓar ƙorafi kan maki da ofishin da ake kai shi.